Yadda nake kafa Dataverse a sabar gajimare ba tare da na girka komai da hannu ba

Duk cibiyar binciken da ta kwana biyu tana aiki za ka same ta da bayanai a warwatse. Sakamakon gwajin irin gero yana kwamfutar wani malami, amsoshin da ɗalibai suka tattaro daga ƙauyuka suna cikin filashin wani, wanda ya san ma'anar lambobin da ke cikin teburin kuma ya tafi ƙaro karatu. Ga shi masu ba da kuɗin bincike da manyan mujallu sun matsa lamba: a ajiye bayanan inda za a same su, a ba kowane kundi lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake nemo shi da ita a intanet, a rubuta wanda ya tattara da yadda ya tattara. Manhajojin da ke wannan aiki suna da dama, akwai DSpace da CKAN da InvenioRDM. Ni Dataverse nake kula da ita a wurin aikina, don haka a kanta zan yi bayani, kodayake rabin abin da zan faɗa zai yi wa mai kula da sauran amfani.

Cibiyar IQSS ta Jami'ar Harvard ce ta ƙirƙiro Dataverse, kyauta ce, kuma kowa na iya duba cikinta ya gyara. Ba baƙuwa ba ce a wajenmu: ICRISAT, mai tashoshin bincike a Kano da Sadore kusa da Yamai, ta yi amfani da ita wajen wallafa bayananta. Sai dai ba manhaja ɗaya ba ce da za ka latsa sau biyu ta zauna. Sassa huɗu ne suke aiki tare. Ita kanta an rubuta ta da Java, tana gudana a cikin Payara, manhajar da ke ɗaukar irin waɗannan a kan saba. PostgreSQL ke riƙe da sunayen masu amfani da bayanin kowane kundi da izinin kowa. Solr ke kula da neman abu, shi ne fihirisar. Apache kuma yana tsaye a gaba yana karɓar baƙi daga intanet. Kowace sigar Dataverse tana da sigogin da take so na waɗannan. Da aka fito da ta 6.0 a 2023, alal misali, sai da kowa ya koma Java 17 da Payara 6.

Mutum mai haƙuri zai iya bin littafin jagorar ya girka su duka da hannu cikin yini guda. Matsalar tana zuwa ne bayan wata shida, lokacin da ba wanda ya tuna wane fayil aka taɓa, ko wanda ya girka ɗin ya samu aiki mai tsoka ya yi gaba, wanda a fagenmu ba abin mamaki ba ne. A Disambar 2021, da aka gano ɓarakar tsaro ta Log4j wadda ta shafi wasu sigogin Solr, wanda tsarinsa ke rubuce ya gyara layi ɗaya ya sake kunna umarni, wanda ya girka da hannu kuwa sai da ya fara laluben inda ya ajiye Solr ɗin tukuna. Abin da nake so ka samu a ƙarshen wannan bayani shi ne ma'ajiyar Git guda ɗaya, wato wurin ajiye rubutun umarni da tarihin gyaransa, wadda duk wanda ya karɓe ta tare da makullai zai iya tayar da sabar daga babu a gajimare, wato a injinan kamfanin da ake haya ta intanet.

Ka fara raba abin zubarwa da abin adanawa

Kafin ka rubuta layi ko ɗaya, ɗauki takarda ka raba kayan gida biyu. Sabar kanta, da Java da Payara da Apache da ke kanta, rumfar kasuwa ce kawai: iska ta ɗauke ta yau, gobe a kafa wata, muddin hajar tana wani wurin. Fihirisar Solr ma tana cikin abin zubarwa, domin ana iya sake gina ta daga PostgreSQL, sai dai in kundayen suna da yawa za ta ɗauki lokaci.

Hajar ita ce rumbun PostgreSQL, da fayilolin da masu bincike suka ɗora, da sunan shafin, da lambobin DOI da aka riga aka bayar, da kalmomin sirri. Akwai kuma ƙananan abubuwa da ake yawan mantawa. Tambarin da kowane sashe ya ɗora a shafinsa ba ya cikin rumbun bayanai, yana zaune ne a cikin foldar docroot ta Payara a kan diskin sabar. In ka sake gina saba ba ka kwaso wannan foldar ba, komai zai dawo lafiya amma shugaban sashe zai kira ka da sassafe yana tambayar inda tambarinsu ya shiga. Haka nan in kun ƙara guraben bayanin kundi na kanku, kamar na sunan iri ko ƙaramar hukuma, fayilolin TSV ɗin da kuka loda da gyaran da aka yi wa schema.xml na Solr dole su zauna a Git.

Shawarata a kan fayilolin masu bincike: ka ajiye su a bokitin S3, wato ma'ajiyar fayiloli ta gajimare da ke zaman kanta, tun ranar farko, kada ka bar su a diskin sabar. Dataverse tana iya aiki da S3 na Amazon da duk wata ma'ajiya mai bin tsarinsa, irin MinIO. Mayar da fayiloli daga diski zuwa S3 daga baya yana yiwuwa, amma sai an shiga rumbun bayanai an sauya adireshin kowane fayil, aikin da ba na yi wa kowa fatansa.

Tayar da sabar da OpenTofu

Aiki biyu ne a nan, kuma kayan aiki biyu nake amfani da su. Ɗaya yana yi wa kamfanin gajimare magana ya ce a ba ni saba da adireshi da bokiti. Ɗayan yana shiga cikin sabar ya girka manhaja. Na farkon shi ne Terraform na kamfanin HashiCorp, ko OpenTofu, wanda aka tsaga daga jikinsa bayan kamfanin ya sauya lasisi a Agustan 2023. OpenTofu yana ƙarƙashin Linux Foundation, rubutunsu kusan iri ɗaya ne, ni shi na zaɓa saboda lasisin. Na biyun kuwa Ansible ne, zan zo kansa.

Misalina da AWS ne, gajimaren Amazon, amma tsarin bai sauya ba in Hetzner ko DigitalOcean ka fi so. Wajen zaɓar yankin da sabar za ta zauna, kada ka duba kuɗi kaɗai. AWS na da yanki a Cape Town tun 2020, sunansa af-south-1, kuma sai ka kunna shi da kanka a asusunka kafin ya yi aiki. Kusanci a taswira ba ya nufin sauri, saboda hanyar da wayoyin ƙarƙashin teku suke bi, don haka ka auna daga ofishinku zuwa can da kuma zuwa Landan ko Frankfurt ka ga wanda ya fi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne doka. In bayananku sun ƙunshi na mutane, kamar binciken lafiya ko na kuɗin shigar magidanta, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta yi magana a kan fitar da irin waɗannan zuwa ƙasar waje. Ka zauna da kwamitin ɗa'ar bincike na cibiyarku su ba ka amsa a rubuce kafin ka zaɓi yanki. Wannan ba hukuncin mai kula da saba ba ne.

Girman saba kuwa, jagorar Dataverse ta ambaci sabar gwaji mai furosesa biyu da RAM gigabait 8 da diski gigabait 50. A AWS wannan ya yi daidai da t3.large. Don gwaji ya isa. Ta aiki ina ba ta ninkin haka, domin Payara da Solr duka masu cin RAM ne, musamman lokacin da wani ya ɗora babban fayil na Stata ko SPSS, Dataverse ta shiga warware shi zuwa tebur. Tsarin da nake ɗorawa Rocky Linux 9 ne, tunda a kan dangin Red Hat jagorar ta fi ƙarfi. Zuciyar rubutun ba ta wuce wannan ba:

```
resource "aws_instance" "dataverse" {
  ami                    = var.rocky9_ami
  instance_type          = var.girman_saba
  key_name               = "makullin-ofis"
  vpc_security_group_ids = [aws_security_group.dataverse.id]
}

resource "aws_s3_bucket" "fayiloli" {
  bucket = "dataverse-fayiloli-aiki"
  lifecycle {
    prevent_destroy = true
  }
}
```

Ka lura da prevent_destroy a jikin bokitin. Shi ke hana OpenTofu share shi ko da an ba shi umarnin rushe komai. Ni na ma wuce nan: bokitin da adireshin IP na dindindin da rajistar DNS mai haɗa sunan shafin da adireshin suna folda dabam da ta sabar, kowace da nata fayil ɗin state (bayaninsa na tafe), ta yadda mai rushe saba ba zai ma hango bokitin ba. Ka kunna adana tsofaffin sigogi a bokitin, don in an share fayil bisa kuskure a iya dawo da shi.

A katangar tsaro ƙofa uku kawai za ka buɗe: 80 da 443 ga kowa, 22 kuma ga adireshin ofis ko na injin da ke tura umarni. Ƙofar Payara ta 8080, da ta shugabancinsa 4848, da ta Solr 8983, da ta PostgreSQL 5432, duk su zauna a rufe. Solr na Dataverse ba ya tambayar kalmar sirri, kuma a cikinsa akwai bayanin kundayen da ba a wallafa ba tukuna.

Fayil ɗin state shi ne inda OpenTofu ke rubuta abin da ya ƙirƙira. Kada ya shiga Git, kada kuma ya zauna a laftof ɗinka kaɗai. Ka ajiye shi a wani bokitin na musamman mai kulle. Yana iya ɗauke da sirrika a fili, shi ya sa OpenTofu ya ƙara damar rufe shi da makulli tun siga ta 1.7. Sannan ka saba da karanta abin da tofu plan ya nuna kafin ka buga tofu apply. Abin da nake nema a ciki kullum shi ne inda ya ce zai maye gurbin wani abu. Sauya lambar AMI kaɗai, wato hoton tsarin da ake ɗora wa sabar, ya isa ya sa ya rushe sabar ya gina sabuwa.

Girka manhajar da Ansible

Ansible ba ya buƙatar a girka masa komai a kan sabar in ban da Python. Ta SSH yake shiga, ya bi jerin ayyukan da ka rubuta a YAML ɗaya bayan ɗaya. Ba sai ka rubuta na Dataverse daga farko ba, ƙungiyar GDCC mai haɗa cibiyoyin da ke amfani da manhajar tana da nata a GitHub, sunansa dataverse-ansible, irin wannan shiryayyen jerin kuwa rol ake kiransa. Ka sauko da shi cikin folda mai suna dataverse daidai, domin da wannan sunan ake kiransa:

```
git clone https://github.com/gdcc/dataverse-ansible.git dataverse
export ANSIBLE_ROLES_PATH=.
ansible-playbook -i hosts dataverse/dataverse.pb \
  -e @gwaji.yml -e @sirri.yml --ask-vault-pass
```

Fayil ɗin hosts adireshin sabar ne kawai, kuma OpenTofu nake sa wa ya rubuta shi da kansa da zarar ya gama. Inda aikin yake shi ne gwaji.yml. A nan akwai tarkon da ke kama kusan kowa. Saitunan rol ɗin a jere suke wani cikin wani, misali duk abin da ya shafi manhajar yana ƙarƙashin kalmar dataverse. In ka rubuta wannan kalmar a fayil ɗinka ka sa abu biyu kawai a ƙarƙashinta, kana tsammanin sauran za su zauna yadda suke, Ansible ba ya haɗa su. Naka zai maye gurbin dukkan rukunin, aikin ya tsaya a tsakiya yana kukan ba a ba shi wani saiti ba. Maganin shi ne ka kwafi defaults/main.yml gaba ɗayansa ka mayar da shi naka, sannan ka gyara abin da kake so. Fayil biyu za ka yi, ɗaya na gwaji ɗaya na aiki, bambancinsu kada ya wuce sunan shafi da bokiti da asusun DOI da na imel.

Ka ƙayyade sigar komai da lamba. Sigar Dataverse, da ta Payara da Solr da PostgreSQL da suka dace da ita, har da takamaiman commit na rol ɗin kansa. In ka bar shi yana ɗauko sabon da ya fito, abin da ka gina a watan Maris ba zai zama ɗaya da wanda za ka gina a Satumba ba, ka ga amfanin rubutun ya tafi.

Sirrika kuma, wato kalmar PostgreSQL da ta dataverseAdmin, asusun mai cikakken iko, da makullan S3 da asusun DataCite mai ba da DOI da na imel, su shiga sirri.yml a rufe da ansible-vault. A rufen zai iya zama a Git. Kalmar buɗe shi ta kasance a hannun mutum biyu aƙalla, ɗaya daga cikinsu wanda ba ya shirin barin aiki, kamar shugaban ɗakin karatu. Kalmar sirrin da dataverseAdmin ke zuwa da ita tana rubuce a intanet kowa ya gani, don haka a sauya ta a cikin fayil tun kafin sabar ta tashi, ba bayan ta kwana a buɗe ba.

Wani abu da ya shafe mu musamman: kada ka tura wannan aiki daga laftof a kan datar waya. Girkawar tana ɗaukar mintuna masu yawa, kuma in layi ya yanke ko aka ɗauke wuta a tsakiya, za a bar ka da saba rabi a gine. Ina da wata ƙaramar saba mai arha a gajimaren, ita nake shiga in buɗe tmux, manhajar da ke riƙe aiki yana tafiya ko an fita, in tura umarnin daga can. Layina ya yanke, aiki na ci gaba, in na dawo sai in buga tmux attach in ga inda aka kwana. In kuwa girkawar ta faɗi a tsakiya duk da haka, ba na tsayawa lallashinta. Rol ɗin an gina shi ne don sabuwar saba mai tsabta, saboda haka rushewa nake in sake daga farko, wanda ya fi sauri ya kuma fi tabbas.

Abubuwan da nake ƙarawa da kaina

Da rol ɗin ya gama za ka ga shafi ya buɗe, sai ka ji kamar an gama. Da saura. Ina da nawa ƙaramin jerin ayyuka na Ansible da ke biyo baya, wanda na rubuta yadda za a iya maimaita shi sau nawa aka so ba tare da ya ɓata komai ba.

Na farko a ciki shi ne kulle API na admin, wato hanyar da ake ba manhajar umarnin shugabanci kai tsaye. Ta wannan hanyar ana iya sauya saitunan manhajar, har a ɗaga wani ya zama mai cikakken iko, don haka daga cikin sabar kaɗai ya kamata a iya kiransa. Dataverse na da saitin da ke cewa localhost-only, amma kada ka yarda da saitin sai ka gwada. Tunda Apache na zaune a saba ɗaya da Payara, in ba a haɗa su daidai ba, buƙatar da ta zo daga waje za ta iya bayyana kamar daga cikin gida ta fito. Ni ina rufe hanyar a Apache ma, sannan in kashe wayafai, in kunna datar wayata, in buɗe adireshin shafin da /api/admin/settings a ƙarshensa. In ya nuna min jerin saituna, akwai gyara. Wannan gwajin yana cikin rubutuna yanzu, kuma in ya faɗi, duk aikin ya faɗi.

Na biyu takardar shaidar HTTPS. Let's Encrypt ke ba da ita kyauta, tana ƙarewa bayan kwana 90, certbot kuma yana sabunta ta da kansa in ka tabbatar agogon sabuntawar yana kunne. Ga mai yawan rushewa da ginawa akwai iyaka: ba sa ba da takarda iri ɗaya ga suna ɗaya fiye da sau 5 a mako. Ranar da kake gyaran rubutu za ka cinye biyar ɗin kafin azahar. Ka yi amfani da sabarsu ta gwaji, wato ka ƙara --staging, har sai komai ya daidaita.

Na uku imel. Dataverse na tura saƙon tabbatar da asusu da na sauya kalmar sirri da na neman izinin fayil. AWS na toshe ƙofa ta 25 ga sababbin sabobi, don haka ka bi ta wata hanyar aikawa a ƙofa ta 587, ko ta cibiyarku ko SES na Amazon. In sunan cibiyarku ne a adireshin mai aikawa, sai masu kula da DNS sun ƙara rajistar SPF da DKIM, masu tabbatar da cewa daga gare ku saƙon yake, in ba haka ba saƙonnin a kwandon shara za su riƙa sauka. Wannan yakan ɗauki makonni, ba don wahalarsa ba sai don takardar da za ta bi ofis-ofis, saboda haka ka fara nema tun ranar da ka fara aikin.

DOI da sabar gwaji

A nan nake so ka fi nutsuwa. Lambar DOI daga DataCite take fitowa, sai cibiyarku ta zama mamba ko ta shiga ƙarƙashin wata ƙungiya mai mamba. Lambar da aka riga aka wallafa ba ta gogewa. Don haka sabar gwaji kada ta taɓa ganin asusun gaske. Dataverse na da mai ba da lamba na bogi mai suna FAKE, wanda ke fitar da lambobi masu farawa da 10.5072 ba tare da ya tuntuɓi kowa ba, DataCite kuma na da nata dandalin gwaji dabam. Ɗaya daga cikin biyun za ka sa a gwaji.yml.

Haɗarin yana ƙaruwa ranar da ka kwafo rumbun bayanan gaske ka zuba a sabar gwaji, abin da dole ka riƙa yi. Rumbun yana zuwa da abubuwa uku masu cizo. Yana ɗauke da adireshin imel na mutanen gaske, ka ga gwajinka na iya tura wa farfesa saƙo cewa an mayar masa da kundinsa. Yana ɗauke da lambobin DOI na gaske, waɗanda in asusun gaske na nan, sabar gwaji za ta iya gaya wa DataCite cewa kundin ya koma adireshinta, duk mai bin lambar daga wata mujalla ya faɗo shafin da za ka rushe da yamma. Sannan a S3, adireshin kowane fayil da ke cikin rumbun yana haɗe da sunan bokitin da aka ajiye shi, wato rumbun da ka kwafo yana nuni ne da bokitin gaske. In makullin da sabar gwaji ke riƙe da shi yana da izinin sharewa a can, share kundi a wajen gwaji zai share fayil ɗin gaske. Makullin gwaji karatu kawai nake ba shi a bokitin aiki, imel ɗin kuma ina karkatar da shi zuwa akwatin da ba ya fita waje. Duk wannan a rubuce yake cikin aikin maidowa, ba abin da zan dogara da tunawata ba ne.

Kwafin ajiya da maidowa

Kowane dare cron, agogon ayyukan sabar, yana gudanar da pg_dump mai ɗaukar kwafi a kan rumbun, wanda sunansa na asali dvndb, ya haɗa da foldar docroot da fayil ɗin domain.xml na Payara, ya tura su wani bokitin. Kwafi na biyu yana tafiya wajen wani kamfanin dabam, ko ya sauko diski a ofis. A Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen sabobin OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma waɗanda kwafinsu ke cikin ginin tare da sabarsu sun rasa duka biyun. Gajimare gini ne mai wayoyin lantarki kamar kowane.

Jerin maidowa gajere ne. OpenTofu ya tayar da sabuwar saba, rol ɗin ya girka siga daidai da wadda aka ɗauki kwafin a kanta, a tsayar da Payara, a zubar da sabon rumbun a zuba na kwafi da pg_restore, a mayar da docroot da schema.xml, a kunna Payara, sannan a sake gina fihirisa:

```
curl http://localhost:8080/api/admin/index/clear
curl http://localhost:8080/api/admin/index
```

Bayan haka rubutun yana tambayar /api/info/version ya ga ko sigar ta yi daidai, ya nemi wani kundi da na san yana nan, ya sauko da fayil ɗaya daga cikinsa ya gwada lambar MD5 ɗinsa da wadda Dataverse ta adana. In ukun nan sun wuce, na yarda kwafin daren jiya yana da rai.

Wannan zagayen gaba ɗaya na miƙa wa GitHub Actions, yana yin sa duk mako ba tare da na taɓa ba: ya gina, ya maido, ya gwada, ya rushe, ya turo min sakamako. GitLab ma na da irinsa. Ka tuna agogon GitHub UTC ne, awa ɗaya baya da namu, kuma ka sa matakin rushewa ya gudana ko da gwajin ya faɗi. Sabar gwajin da aka manta a kunne kuɗi take ci dare da rana, lissafin kuma da dala ake yin sa. Ka sa ƙararrawar kasafi a asusun, ta turo saƙo gare ka da kuma akanta in an kai rabin abin da aka ware. Ka sa ido kan kuɗin fitar da bayanai ma, domin ɗorawa kyauta ne amma saukewa ana biya, kuma kundi ɗaya mai farin jini na hotunan tauraron ɗan'adam zai iya ninka lissafin wata.

Ɗaga siga

Dataverse ba ta son tsallake. In kana 6.1 kana son 6.4, sai ka bi ta 6.2 da 6.3, kowace da takardar bayaninta mai jera abin da za a yi: wani lokaci sauya fayil ɗin war, wato ƙunshin manhajar kanta, shi ke nan, wani lokaci sai an sabunta schema.xml an sake fihirisa, wani lokaci sai an ɗaga Payara ko Solr. Da sabuwar siga ta tashi, wani kayan aiki da ke cikinta mai suna Flyway yana gyara tsarin rumbun bayanai da kansa, kuma babu umarnin komawa baya. Hanyar komawa ɗaya ce, kwafin da ka ɗauka kafin ka fara.

Kowace ɗagawa ina rubuta mata nata ƙaramin fayil na Ansible, sunansa lambar sigar, in gwada shi a kan sabar gwaji mai ɗauke da kwafin daren jiya. Sai ya wuce can sannan in sanar da masu bincike ranar da za a rufe shafin, in ɗauki pg_dump da hoton diski, in gudanar da fayil ɗin nan dai a kan ta aiki. Ina kauce wa lokacin da ɗaliban digiri na biyu da na uku ke rububin miƙa kundayensu, kuma ba na yi ranar Juma'a. In an gama, sai in sauya lambobin siga a gwaji.yml da aiki.yml in tura Git a ranar, domin in aka manta wannan, gwajin mako mai zuwa zai girka tsohuwar siga ya yi ƙoƙarin zuba mata sabon rumbu.

Saura takardar README. Tawa shafi ɗaya ce: inda makullai suke da wanda ke riƙe da su, umarnin da za a buga bi da bi, da abin da ya kamata a gani bayan kowanne. Gwajinta shi ne in miƙa wa wani abokin aiki da bai taɓa ganin tsarin ba, ko ɗan bautar ƙasa da aka turo mana, in ba shi asusun gwaji, in koma gefe in kama bakina. Duk inda ya tsaya ya waiwayo yana tambaya, sai in rubuta wurin, bayan ya tashi in gyara takardar ko rubutun, a sake ba wani ya gwada.